Hannun Baba da Matakala Arba'in da Biyu

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa, kafin mai shara, kafin mai shayin bakin titi ya gama hura wuta. Sai ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin bene, ya ɗaga kai ya dubi matakalar kamar mai gaida tsohon abokin gaba, sannan ya fara hawa. Arba'in da biyu ce. Ya ƙirga ta tun yana tsallake bibbiyu, yanzu kuwa sai ya huta sau biyu kafin ya kai hawa na uku, inda kamfanin shirya finafinan yake. A ƙarshen baranda akwai wani ɗaki da ba taga, ba kujerar baƙo, sai na'urar sanyaya ɗaki da wata doguwar durowar ƙarfe mai ƙananan fitilu suna ƙyaftawa. A cikinta ake adana duk ɗanyen hoton da masu kyamara suka ɗauko. Shi ya raɗa mata suna rumbu, ma'aikata kuma suka rama, suka raɗa masa Baban Rumbu. Da tafiya ta yi tafiya aka yar da rumbun, ya zama Baba kawai.

Yana shiga sai ya dafa gefen durowar da bayan hannu, kamar uwa tana duba zazzaɓi. Ya duba fitilu, ya duba batiran da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ya duba layin intanet. Daga nan sai abin da ke ba baƙi dariya. Ya ɗauko wani kwali ruwan toka ya ajiye a gaban ƙaramar kyamara, ya ɗora hannunsa na dama a gefe, ya ɗauki hoton daƙiƙa biyar ya tura. Ba a jimawa wayarsa za ta yi ƙara.

"Baba, ina kwana. Hannu ya iso."

"Lafiya lau, 'yata. Da wane launi ya iso?"

"Da launin da Allah ya yi shi. Sai dai farce na neman yanka."

"Bar farcen nan, ba aikinsa aka ɗauke ki ba. Daidaita ki maido in auna."

Mai maganar ita ce Mai Launi, matar da duk fim ɗin kamfanin ke bi ta hannunta a ƙarshe. Hoton da kyamara ke ɗaukowa a kwance yake zuwa, fari-fari, kamar zanen da ya sha wanki. Ita ce ke zama ta tashe shi fage bayan fage, ta ba sama shuɗinta, ta ba fatar mutum launinta na gaskiya. Tana yin aikin ne daga ɗakinta, a wata unguwa mai nisan sa'a guda a babur, hoton kuma yana nan a rumbu. Hanyar da ke tsakaninsu Baba ne ya gina ta, shi ya tsare ta shekara goma sha ɗaya. A makon jiya ya ajiye aiki, kuma ba a yi masa abin da ya dace ba, shi ya sa dole a faɗa a nan.

Duk mai kallon fim ya san jerin sunayen da ke hawa a ƙarshe lokacin da mutane ke neman takalmansu. A jerin wannan kamfani za ka ga mai dafa abinci, za ka ga direba, za ka ga ƙanen mai kamfani wanda duk aikinsa riƙe wa yayansa laima. An taɓa gode wa mai wata akuya da ta gilma a fage ɗaya. Baba ya yi shekara goma sha tara a wurin, finafinai sun haura sittin, ba a taɓa rubuta shi ko sau ɗaya ba. Da aka taɓa tambaya, sai mai kamfani ya ce ai shi ba fim yake yi ba, waya yake jonawa. Wannan magana ko yanzu aka tuna ta sai rai ya ɓaci.

Asalin hanyar kuwa wani haɗari ne. Mai Launi na komawa gida wata rana mota ta kwashe ta, ta yi wata bakwai a asibiti, ta fito a keken guragu. Ranar da ta dawo aiki maza huɗu suka ɗauke ta da kekenta suka fara hawa benen. A hawa na biyu ƙafar ɗaya ta zame, aka yi sa'a bango ya tare su. Ba ta ji ciwo ba, amma da aka dire ta a gaban tebur ɗinta sai ta kifa kai ta yi kuka, don ta ga yadda mazan ke haki suna ɓoyewa. Washegari mai kamfani ya tara ma'aikata.

"Ni ba mugu ba ne," in ji shi, "amma kamfani ba asibiti ba ne. Hoton nan nauyi gare shi, ba a tura shi ta waya kamar hoton jariri. Wanda ba zai iya hawa ba, Allah ya ba shi wani abin yi."

Kowa ya sunkuyar da kai. Mai Launi mace ce mai 'ya'ya biyu, mijinta malamin makaranta, aikin nan shi ta iya tun tana budurwa, kuma shi ne abu ɗaya da haɗarin ya bar mata yadda yake. Baba, wanda ba a saba jin muryarsa a taro ba, ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, idonta muke so ko ƙafarta?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Baba?"

"In idon ne, a ba ni mako uku. Tunda ita ba za ta hau wurin hoto ba, hoto ya sauka wurinta."

An ba shi ne don a ga iyakarsa. Gaskiya ne ɗanyen hoton fim ɗaya sai ya kwashe kwana takwas yana rarrafe a layin da suke da shi. Sai Baba ya tsara rumbu ya riƙa fitar da ƙananan kwafi marasa nauyi na kowane fage. Su take janyowa ta intanet ta yi aikinta a kai, ta maido da bayanin gyaran kawai, wanda bai fi nauyin wasiƙa ba, shi kuma ya ɗora shi a kan ainihin hoton. Ya kulle hanyar da makullin da su biyu kaɗai suka sani, don kada ɓarayin fim su bi ta. Mai gadin benen ya shaida ganinsa a kan rufi da tsakar rana yana ɗaure eriya, ya naɗe ƙafar wando, yana faɗa da iska. Mijin Mai Launi ya shaida zuwansa gidan sau tara da naɗin waya a kafaɗa, har yara suka fara kiransa Kaka mai igiya. Ranar kwana na goma sha tara fage na farko ya buɗe a allon kwamfutarta, ta kira shi tana ta godiya, shi kuma ya ce ta daina ɓata masa layi ta kama aiki.

Finafinai uku suka fita ta wannan hanya, duk suka samu karɓuwa. Sai ga mai kamfani a gidan rediyo yana bayanin sabuwar fasahar da ya shigo da ita don tallafa wa masu lalura. Baba na jinsa a rediyon mai gadi, ya ƙarasa shan ruwansa ya hau sama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A shekara ta biyu aka zo kallon gwajin fim na huɗu a babban allon kamfani. Fagagen farko lafiya. Can sai fuskoki suka fara fitowa jajir, kamar tukunyar ƙasa da ta sha gashi. A gyaru, a sake ɓaci, kusan rabin fim ɗin haka. Darakta ya dafe kai. Mai kamfani ya miƙe ya sa aka kunna fitila.

"Na faɗa tun farko aikin gida wasa ne. Ga shi nan. Idon ma ya bi ƙafafun."

Layin a buɗe yake. Kullum Baba kan bar shi a buɗe lokacin kallon gwaji don ta ji ra'ayin mutane. Ta ji. Sai aka ga ɗan hasken da ke nuna tana kan layi ya mutu. Mutum ya dubi matar da ta kwashe shekaru tana ƙawata masa finafinai ya jefe ta da wannan a gaban mutum goma sha biyar, ko a fuskarsa. Kafin a tashi an buga takardar sallama an ajiye a tebur ɗinsa, ya ce nan da kwana uku zai sa hannu.

Baba ya koma ɗakinsa zuciyarsa na tafasa. Bai je ya yi roƙo ba, don ya san roƙo ba ya ratsa irin wannan kunne. Ya fara zargin kansa. Ya gwada ƙananan kwafin da na asali, launinsu ɗaya. Allonta kuma shi da kansa ya auna shi da 'yar na'urar da ake manna masa, bai cika wata guda ba. To ruwa dai ba ya tsami banza. Sai ya tuna rumbu ba ya mantuwa: duk fagen da ta janyo da lokacin da ta maido shi a rubuce suke, har daƙiƙa. Ya buga su a takarda, shafi talatin da wani abu, ya shimfiɗa a kan simintin baranda. Ya kira Dogo, mai haɗa hoto, abokin tsokanarsa da furfura ta fara cin gemunsa. Dogo na kiran lambar fagagen da suka yi ja, Baba na durƙushe yana zagaye su da biro. Ba su kai rabi ba Baba ya zauna dirshan.

"Dogo, duba nan. Wanne a cikinsu ta yi da safe?"

Dogo ya bi da yatsa. "Babu ko ɗaya. Duk daga biyu da rabi ne zuwa yamma."

"Ka taɓa jin idon da ke mutuwa da rana ya farfaɗo da safe?"

"Nawa dai da safen ne ma ba ya gani."

"To wannan ba ido ba ne. Wani abu ne ke shiga ɗakin nan da biyu da rabi."

Washegari ya hau babur da tsakar rana. Ya tarar da ita a zaune ta juya wa allo baya, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Baba, ka bar shi. Wataƙila gaskiya ya faɗa." Ya ce shi ba ta'aziyya ya zo ba, a ba shi kujera. Ya zauna yana kallon agogo. Biyu da kwata, biyu da minti ashirin, sai rana ta zagayo ta faɗo ta taga, ta ratsa wani sabon labule ruwan goro mai kauri da ƙyalli. Nan take ɗakin ya rine, bango da tebur da farar takardar da ke hannun Baba. Idon da ya zauna a cikin irin wannan haske sabawa yake yi da shi, ya riƙa ganin allo ya yi shuɗi-shuɗi. Ita kuma sai ta ƙara ja don ta gyara abin da bai ɓaci ba.

"Yaushe aka rataya wannan?"

Ta yi lissafi, sannan ta dafe baki. "Mako biyar ke nan. Inna ce ta kawo mini." Inna surukarta ce, wadda ta baro gidanta ta tare a nan tun bayan haɗarin, ita ke yi mata wanka, ita ke kai yara makaranta. "Baba, ko za a kore ni ba zan iya cire labulen Inna ba."

Baba ya fita tsakar gida ya sami tsohuwar tana ninke wanki. Ya durƙusa da ƙyar ya gaishe ta.

"Hajiya, wata tambaya ce da ni. Labulen nan na ɗakin 'yata, wa ya zaɓo shi?"

"Ni ce. Wani abu ne da shi?"

"Abin da ke da shi ke nan, ya fi ƙarfin ɗakin. Labule irin wannan a ɓoye shi inda daga ita sai kwamfuta? Ni da na shigo falo na ga abin da aka rataya, kunya ta kama ni."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, na haife ka in ba kaɗan ba. Faɗi gaskiya, ɓarna ya yi?"

"Ya yi, Hajiya. Aikinta yake nema ya ci."

Ba ta ƙara tambaya ba. Da kanta ta hau kujera ta sauke shi, tana mita cewa da ma falon ta so tun farko. Baba da mijin Mai Launi suka toshe tagar da allon katako, suka shafe bangon da fenti ruwan toka kafin rana ta faɗi. Cikin kwana biyu ta sake fagagen nan gaba ɗaya. Da aka kunna a babban allo, kowace fuska ta fito da fatarta, baƙi baƙi ne mai sheƙi, wankan tarwaɗa wankan tarwaɗa. Baba ya ajiye shafukan nan talatin a kan takardar sallamar, da da'irorin biro a jiki.

Kada mai karatu ya zaci an ba da haƙuri. Mai kamfani ya ɗaga shafi biyu, ya ce, "Ashe labule ne," ya tura takardar cikin durowa. Shi ke nan. Maganar da ya yi a gaban mutum goma sha biyar har yau bai janye ta a gaban ko mutum ɗaya ba. Tun daga ranar ne Baba ya ƙirƙiro gwajin hannu, da safe sau ɗaya, da biyu da rabi sau ɗaya. Ta daidaita hoton da idonta ta maido, shi ya auna kwalin da na'ura. In ruwan toka ya dawo ruwan toka, layi lafiya, ɗaki lafiya, ido lafiya, kuma ga shaida a rubuce ko wani zai sake buɗe baki.

Kai ne, Baba, ka gane cewa wanda aka taɓa zarga da ƙarya ba ya samun barci sai da shaida a hannu, ka tanadar mata ita kullum ba tare da ta roƙa ba. Kai ne mai ɗakin da ba taga, wanda ba a tunawa da shi sai layi ya yanke. Ranar da komai ke tafiya daidai ba wanda ya san kana nan, ranar da aka samu tangarɗar minti biyar kowa ya san hanyar ƙofarka.

Bara likita ya ce gwiwoyinsa sun ƙare, ya daina hawa bene. Ya kai takardar ajiye aiki. Mai kamfani ya karɓa da fara'a, ya ce to da ma wannan wahalar ta aikin nesa saboda Baba ake jure ta, in ya tafi sai a rufe a nemo mai launin da ke da ƙafa. Baba ya miƙa hannu ya zare takardarsa daga tebur.

"Na fasa, ranka ya daɗe. Ashe ban gaji ba."

A gida matarsa ta yi faɗa har ta gaji. "Malam, kai da likita wa ya fi sanin gwiwa? So kake a riƙa ɗaukar ka kai ma?" Ya ce mata in an ɗauke shi ma ba shi ne na farko ba. Ta yi fushi kwana biyu, a na uku ta sayo masa sanda. Wata goma ya ƙara yana hawa matakalar nan da sanda, safe da yamma, don matar da ba za ta iya hawa ba ta ci gaba da zama a kan aikinta. A watannin ya zaunar da Dogo ya koya masa rumbu ciki da bai, ya rubuta komai da hannu a littattafai uku, har da abin da za a yi in ɓera ya ci waya. Ya bi daraktocin da ke kawo aiki ɗaya bayan ɗaya, har huɗu daga cikinsu suka faɗa wa mai kamfani baki da baki cewa in ba ita za ta yi musu launi ba, za su kai finafinansu wani wuri. Sai da ya ga an sabunta mata takardar aiki da sa hannu, ya karanta ta sau biyu, sannan ya sake miƙa tasa.

Walimar sallamar minti ashirin aka yi. Aka ba shi agogon bango, mutumin da ba a taɓa jira ba ko sau ɗaya. Mai kamfani ya yi jawabi ya kira shi mai gyaran wayarmu. Ana shirin watsewa sai Dogo ya kashe fitila, babban allo ya kama, muryar Mai Launi ta fito ta lasifika.

"Baba, ka zauna. Akwai fim ɗin da ban taɓa nuna maka ba."

Kwali ne ruwan toka, da hannu a gefensa. Sai wani, sai wani, suna wucewa da sauri. Ashe ba ta taɓa goge ko ɗaya ba. Aka ga hannun da ƙarfinsa, aka gan shi da filasta ranar da eriya ta yanke shi, aka gan shi da ɗigon fenti. Jijiyoyi suka taso, fata ta saki, a na ƙarshe-ƙarshe kan sanda ya fara leƙowa a gefen hoton. Kwalin bai canza ba ko kaɗan. Da ya ƙare sai suna ɗaya tak ya hau allon, na Baba, cikakke har da na mahaifi, ya tsaya shi kaɗai ya daɗe. Ba wanda ya nemi takalminsa.

Baba ya share fuska da hular da ke hannunsa, ya ce, "Na shekara ta uku sun ɗan yi ja."

"Ba su yi ba, Baba. Ka auna."

Mun gode, Baba. Allah ya huta da gwiwoyin nan, ya saka maka da abin da mutane suka hana ka. Ku kuma masu ɗakuna irin nasa a ma'aikatu, in an ce wani ba zai iya hawowa ba, ku tuna akwai wanda ya tambaya ko abin ne zai sauka. Masu rubuta jerin sunaye kuma ku leƙa ƙarshen baranda kafin ku rufe, don abin kunya ne a gode wa akuya a manta da mutum.

Shekaranjiya da bakwai da kwata Dogo ya hau matakala arba'in da biyu yana haki, ya dafa rumbu da bayan hannu, ya ajiye kwali, ya ɗora nasa hannun ya tura. Wayarsa ta yi ƙara. Mai Launi ta ce hannu ya iso, sai dai a karkace yake, ya miƙe shi yadda Baba ke yi. Dogo ya sake ɗauka, ta daidaita ta maido, ya auna ya ga ruwan toka. Ta janyo fagen farko na ranar ta kama aiki.